Kogo takwas cikin 492: kwana uku a Dunhuang

Tikitin shiga kogwannin Mogao, tsofaffin wuraren bautar mabiya addinin Buddha da ke kusa da garin Dunhuang a ƙasar Sin, na fara nema, tun kafin na jirgin ƙasa. Wani ɗan ajinmu a Lanzhou, ɗan ƙasar Sin, shi ya ja mini kunne. Ya ce mutane da yawa sukan yi tattaki har Dunhuang, su tsaya a bakin ƙofa su koma, domin mutum 6,000 kacal ake bai wa cikakken tikiti a rana, kuma a hutun Yuli ya kan ƙare tun da sauran makonni. Ana buɗe sayarwa kwana 30 kafin ranar da mutum yake so. Na zauna da wayata da fasfo a gefe, na cika suna da lamba, na zaɓi rana da awa, na biya. A lokacin kuɗin yuan 238 ne idan mai yi maka bayani da Sinanci zai yi, 258 idan kana son wani harshe. Na sayi biyu na 258, ɗaya nawa, ɗaya na abokina mutumin Damagaram da muke karatu tare, wanda ya ce shi ba kogo ne ya dame shi ba, raƙuman wurin yake son gani.

Wanda ya rasa wannan tikitin akwai na gaggawa, yuan 100, amma kogo huɗu kawai zai shiga, cikin dogon layi. Idan har mutum zai kashe kuɗin mota ya zo nan, gara ya yi haƙurin zama da waya tun da wuri.

Kafin mu tashi na buga wa Baffana waya, kamar yadda na saba duk lokacin da zan bar gari. Ya tambayi me ke can. Na ce wani tsohon gari ne a bakin hamada, da kogwanni da mabiya addinin Buddha suka sassaƙa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Wato kallon gumaka za ka je." Na ce tarihi zan je gani, Baffa. Ya ce to, Allah ya tsare, in kula da salla. Maganar ta tsaya mini a rai har cikin jirgi.

Daga Lanzhou zuwa Dunhuang kusan kilomita 1,100 ne, duk a cikin lardi ɗaya, Gansu. Mun ɗauki jirgin dare, ɓangaren gado mai hawa uku, ni a tsakiya, Badamagare a sama yana ta mita cewa an ajiye shi kamar buhun gero a rumbu. Fasfo ɗin shi ne tikitin; a ƙofar tasha na'urar da 'yan ƙasa ke ɗora katinsu ba ta cika karɓarsa ba, sai mu bi layin gefe inda ma'aikaci ke dubawa da hannu. Da asuba na leƙa taga, babu komai sai tsakuwa baƙa shimfiɗe har iyakar gani, da injinan iska masu samar da lantarki jere kamar dakaru.

Matsala ta farko a masauki muka gamu da ita. Na kama ɗaki ta manhaja, an cire kuɗi, amma da muka isa matar da ke gaban teburi ta juya fasfona sau biyu, ta kira wani, shi ma ya juya, sannan suka ce ba su iya rajistar baƙi 'yan ƙasar waje. A Sin dole duk masaukin da ya sauki baƙo ya shigar da bayanansa ga 'yan sanda, kuma ƙananan wurare da yawa ba sa son wannan ɗawainiya. An mayar mana da kuɗinmu ba gardama, amma mun ja akwati cikin rana har wuri na uku kafin muka samu. Laifina ne ta wani ɓangare, da na aika saƙo na tambaya tun daga Lanzhou da ban sha wannan ba.

Garin kansa ƙarami ne, tsaf-tsaf, da bishiyoyi a gefen titi. Abin da ke rayar da shi kogin Dang ne, mai gangarowa daga ƙanƙarar duwatsun Qilian, domin ruwan saman da ke sauka a nan a shekara bai kai milimita 50 ba. Sarki Wu na daular Han ne ya kafa shi a matsayin sansanin iyaka a shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne na ƙarshe a yamma cikin garuruwa huɗu da ya jera a wannan zirin ƙasa: Wuwei, Zhangye, Jiuquan, sai Dunhuang. Daga nan hanyar fatake ke rabuwa biyu don kauce wa hamadar Taklamakan, ɗaya ta bi arewa, ɗaya ta bi kudu. Badamagare na jin haka ya ce: "Ashe Agadas ɗinsu ce." Bai yi kuskure ba. Zango ne na ƙarshe inda ayari ke cika salka kafin ya faɗa inda babu rijiya.

Da dare muka je kasuwar Shazhou neman abinci. A nan sai Musulmi ya buɗe ido, domin abincin da garin ya fi alfahari da shi taliya ce rawaya da naman jaki. Kusan kowane titi akwai allonsa. Mu alamar haruffa biyu muke bi, wadda ake karantawa "qingzhen", ita ce shaidar halal, kuma a Gansu ba ta wahalar samu saboda yawan Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Mun ci tsiren rago da gurasa wajen wani dattijo mai farar hula, muka kora da wani abin sha mai sanyi da ake dafawa daga busasshen ɗan itacen da suke kira "xing". Ɗanɗanonsa ya tuna mini da ruwan tsamiya da aka sa wa sukari daidai. Dattijon ya nuna mana masallaci, ba nisa da kasuwar. Wani abu da har yau nake tuntuɓe da shi: a gida in an ce mutum ya fuskanci gabas an san salla ake nufi, amma a nan alƙibla yamma take. Ga kuma agogo. Duk ƙasar Sin lokacin Beijing take bi, shi ya sa a Yuli sai wajen ƙarfe 9 na dare rana ke faɗuwa a Dunhuang.

Washegari ita ce ranar kogo. Ba a zuwa Mogao kai tsaye. Sai an fara biyawa ta wata cibiya a wajen gari da aka buɗe a 2014, a nuna fasfo, a karɓi takarda, a shiga da rukunin awar da aka ba mutum. Fim biyu ake nunawa, kowanne kamar minti 20. Na farko tarihin garin ne. Na biyu a wani ɗaki mai rufi kamar ƙwarya a kife ake haska shi, hoton cikin kogo ya kewaye mutum ta ko'ina, har da wasu kogwannin da ba a buɗe wa kowa. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Daga baya na gane dabarar: so suke ka ƙoshi da kallo a nan, don ka rage daɗewa a can. Daga cibiyar motocinsu ne ke kwasar mutane zuwa gindin dutsen, wanda ke kimanin kilomita 25 kudu maso gabas da gari.

Abin da ke gaban mutum idan ya sauka shi ne doguwar katangar dutse, fiye da kilomita ɗaya da rabi, an huda ta hawa-hawa kamar saƙar zuma, kowane rami da ƙofar ƙarfe da lamba. Kogo 735 ne gaba ɗaya, 492 ke da zane ko mutum-mutumi. Mu takwas za mu gani. Aka haɗa mu da wasu baƙi kamar goma sha biyar, aka raba mana abin sawa a kunne, wata budurwa mai riƙe da tarin makullai da tocila ta shige gaba. Ita ke buɗe kogo, mu shiga, ta yi bayani, mu fito, ta kulle. Ba a ɗaukar hoto a ciki, babu kuma fitila sai tocilarta.

Ta gaya mana dalilin wannan tsanani. Dutsen ba ya sassaƙuwa da kyau, tsakuwa ce da yashi suka manne, don haka masu aikin sai suka yaɓe bango da laka da aka cuɗa da ciyawa, suka shafa farar ƙasa, sannan suka yi zane a kai. Mutum-mutumin ma laka ce a kan ƙashin itace da kara. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da laima ke yi wa yaɓe. A nan numfashinmu ne laimar. Gishirin da ke cikin bango yana narkewa idan danshi ya yi yawa, ya sake daskarewa idan ya bushe, fentin ya ɓamɓare. Akwai na'urori a kogwannin da ke auna danshi da iskar da muke fitarwa, in ta wuce ƙa'ida a rufe kogon ya huta. Ran da aka yi ruwan sama ma akan rufe wurin.

An ce a shekarar 366 wani mai zuhudu na addinin Buddha mai suna Yuezun ya ga wani haske a kan dutsen, ya haƙa kogo na farko. Daga nan aka yi ta haƙawa kusan shekara dubu. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda suka biya kuɗin aikin. A ƙasan bango, daidai gwiwar mutum, akwai su a jere: hakimai, matansu da adonsu, fatake. Mai shirin shiga hamada ya ba da kuɗi a yi zane don neman tsari, wanda ya dawo lafiya ya bayar don godiya. Shuɗin fentin da ya fi tsada daga wani dutse na Afganistan aka niƙa shi, raƙumi ne ya kawo shi. A kogo na 61 akwai taswirar dutsen Wutai, wani wurin ziyara na mabiya Buddha, mai faɗin kusan mita 13, daga ƙarni na 10, kuma in ka kau da ido daga gidajen bautar da ke ciki sai ka ga matafiya, masu jan raƙuma, masaukai a bakin hanya. Badamagare ya matsa kusa har sai da budurwar ta ɗaga masa hannu. Ya raɗa mini cewa wanda ya zana wannan ya san yadda ake riƙe akala.

A wani tsohon kogo fuskokin duk baƙaƙe ne. Budurwar ta bayyana cewa asali ba haka suke ba, fentin da aka haɗa da dalma ne ya rine da daɗewa. Tana cikin bayanin sai wata tsohuwa a rukuninmu ta dubi bango, ta dube mu, ta yi murmushi. Muka yi dariya mu duka. Wanda ya zauna a Sin ya saba da irin wannan kallo. A ranar kaɗai sau huɗu aka roƙe mu a ɗauki hoto da mu.

Kogo na 96 shi ne mai ginin katako hawa tara a gabansa, wanda ake gani a duk hoton Mogao. A ciki mutum-mutumi ɗaya ne a zaune, tsayinsa mita 35 da rabi, an fara shi a 695 zamanin sarauniya Wu Zetian. Ka shiga ta wata 'yar hanya, ka ga yatsun ƙafa, sai ka yi ta ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa. Wasu daga cikin 'yan ƙasar suka haɗa tafin hannu suka sunkuya. Na ja gefe na ba su wuri. A nan maganar Baffa ta dawo mini, na tambayi kaina ko akwai abin da ya motsa a zuciyata. Abin da na samu shi ne mamakin aikin hannu, irin wanda mutum ke ji a gaban kowane babban gini, da tunanin yawan kwandunan laka da aka hau da su can sama.

Inda na tsaya cak shi ne wurin da ya fi kowanne ƙanƙanta. A hanyar shiga kogo na 16, ta hannun dama, akwai wata ƙofa ƙarama a jikin bango. Bayanta ɗaki ne da bai wuce mita uku ta kowane ɓangare ba, kogo na 17. Ba a shiga, leƙawa ake yi. Mutum-mutumin wani babban malaminsu mai suna Hongbian ne kawai a ciki. A farkon ƙarni na 11 aka cika wannan ɗaki da rubuce-rubuce har rufi, aka toshe ƙofar, aka yaɓe, aka yi zane a kai. Ya zauna haka kusan shekara 900, bushewar hamada tana tsaron takardun.

A 1900 wani mai bin addinin Tao, Wang Yuanlu, wanda ya ɗora wa kansa kula da wurin, yana kwashe yashi ya lura da tsaga a bangon. Ya fasa, ya tarar da takardu wajen 50,000. Yawancinsu na addinin Buddha ne, amma akwai wasiƙu, kalanda, taswirar taurari, takardun bashi, yarjejeniyar hayar raƙumi, har da takardar sayar da bayi. Akwai Sinanci, akwai harshen Tibet, na Sogdiya, na Khotan, tsohon harshen Uygur, Sanskrit, har da Ibrananci. Wang ya kai rahoto ga hukuma, ya aika da samfuri. Aka ce masa ya rufe ya ci gaba da gadi, babu kuɗin kwashewa.

A 1907 Aurel Stein, wani mai binciken kayan tarihi haifaffen Hungary mai yi wa Ingila aiki, ya iso. Ya lallaɓa Wang, ya tafi da akwatuna sama da 20 a kan kuɗin da bai wuce fam 130 ba. A cikinsu akwai naɗin wani littafin addinin Buddha da ake kira Diamond Sutra, mai ɗauke da kwanan watan shekarar 868, littafi bugagge mafi tsufa a duniya da ke da kwanan wata a jikinsa, kusan shekara 600 kafin injin buga littattafai na Gutenberg a Turai. Yau yana ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya a Landan. Shekara ɗaya bayan haka Paul Pelliot na Faransa ya zo, shi kuwa ya iya karatun Sinanci, ya zauna makonni uku a cikin ɗakin da kyandir yana tsame na gari-na-gari. 'Yan Japan da na Rasha suka biyo baya. Da gwamnati ta farka a 1910 ta sa a kai ragowar Beijing, wasu ma a hanya suka salwanta. A 1924 kuma Ba'amurke Langdon Warner ya zo da wani irin manne ya ɓanɓare zane daga bango, ya ɗauke mutum-mutumi guda daga kogo na 328. Gurbinsa yana nan babu komai.

Budurwar ta faɗi wannan duka da murya ɗaya, ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba. Kabarin Wang, wanda ya mutu a 1931, yana nan a filin gaban kogwannin, mutane na wucewa ta gefensa. Da yawa a Sin suna ɗaukarsa wanda ya sayar da gadon ƙasa. Ni na kasa ɗora masa laifin shi kaɗai. Mutum ne da ya yi shekara bakwai yana gadi yana kai kuka ba wanda ya saurara, kuɗin da ya karɓa kuma gyaran wurin ya yi da su. Na fi ganin laifin waɗanda aka kai wa rahoto suka ce babu kuɗin mota. Sai a 1944 aka kafa cibiyar da ke kula da wurin, ƙarƙashin mai zane Chang Shuhong, ita ce ta zama Dunhuang Academy ta yau, a 1987 kuma UNESCO ta sa Mogao cikin wuraren tarihi na duniya.

Muna fitowa Badamagare ya ce to, an gama da nawa, saura nasa. Da la'asar sakaliya muka nufi Mingsha, tuddan rairayi da ke kilomita shida kudu da gari. Titi ne mai kwalta da shaguna, sai kawai ya ƙare a gindin yashi mai tsayin tsauni. Tikitin yuan 110 ne, yana aiki kwana uku. A bakin ƙofa ana ba da hayar wata safa ruwan lemo da ake ɗaurawa har gwiwa don kada yashi ya shiga takalmi. Abokina ya dube ta ya ce ko a mafarki. Ya cire takalminsa ya rataya a wuya.

Raƙuman sun ba shi haushi da dariya lokaci guda. Tozo biyu ne da su, gajeru, masu kauri, ga gashin sanyi ya zube ya bar su tsumma-tsumma. An jera su biyar-biyar, kowanne da lamba, ana jan masu yawon buɗe ido. Har fitilar ba-da-hannu aka kafa musu, mai hoton raƙumi ja da kore, inda hanyarsu ta gitta ta mutane. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ya ce: "Malam, in na ba da wannan labari a gida cewa za a yi na fara shaye-shaye." Duk da haka ya hau, ya kuma yarda cewa zama tsakanin tozo biyu ya fi sirdinsu daɗi.

Ni ƙafa na bi. An shimfiɗa tsani na katako da igiya a jikin tudun, in ba shi ba taku uku kake yi ka dawo biyu. Daga sama ake ganin tafkin Yueyaquan, siffarsa kamar jinjirin wata, kore shar a tsakiyar yashi, da wani gini mai hawa a gefensa. Ya daɗe a wurin yashi bai binne shi ba, saboda yadda iska ke kaɗawa a kwarin tana mayar da rairayin sama. Amma noman rani da rijiyoyin burtsatse sun janye ruwan ƙasa, tafkin ya yi ta ƙanƙancewa, yanzu da taimakon ruwan da hukuma ke turawa ƙarƙashin ƙasa yake tsaye. Sunan tudun na nufin yashi mai kuka, wai yana ruri idan ana gangarowa. Ni dai hayaniyar dubban mutane da waƙar lasifika na ji. Mun matsa can bayan tudun inda babu kowa, muka yi magariba a kan yashi mai ɗumi, rana ta faɗi daidai gabanmu.

Rana ta uku muka haɗa kuɗi da wasu ɗalibai muka ɗauki mota zuwa Yumenguan, kamar kilomita 90 arewa maso yamma. Ƙofar iyaka ce ta zamanin Han, abin da ya rage ginin ƙasa ne mai kusurwa huɗu a fili fetal. Kusa da shi akwai ragowar ganuwa da aka yi da tsakuwa da karan fadama, shimfiɗa kan shimfiɗa, da tarin karan da masu gadi suka ajiye don kunna wutar gargaɗi, shekara dubu biyu ke nan ba a kunna ba. Iska ta hana mu daɗewa.

A jirgin komawa na sake kiran Baffa. Ya ce yaya gumakan. Na ce suna nan, amma ba su na kira in ba shi labari ba. Na tambaye shi akwatin littattafan Malam, kakanmu, waɗanda ya kwafa da hannunsa, wasu a gafaka wasu a naɗe cikin tsumma, wanda muna yara ake hana mu taɓawa. Ya ce yana ɗakin zaure inda yake. Na ce ɗakin da ke yoyo? Ya ce an sa masa leda a kai tun bara. Na ce don Allah a mayar da shi ɗakinsa, a ɗora a kan wani abu, kar ya taɓa ƙasa saboda gara, kuma ko wa ya zo da sunan bincike kar a ba shi ko warƙa ɗaya. Ya yi dariya ya ce wa zai zo neman takardun Malam. Sannan ya ce makullin ma ya ɓata, sai na dawo hutu mu nemi maƙeri.